Ranar da Na Dama wa Surukata Sukari

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar da na sayi kwalin sukari guda, na hau mota daga Diffa har Gagamari, na dama shi da hannuna na miƙa wa mai ciwon sukari. Kuma mai ciwon nan ba wata can ba ce. Surukata ce, uwar matata.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku gane inda wautar ta samo asali. Ni ɗan Damagaram ne. Aiki ya kawo ni Diffa a shekarun da rikici ya kori mutane daga bakin Komadugu, suka zo suka jeru a gefen gudron, wato titin kwalta, cikin bukkokin tamfol da zana. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni, kuma aikina bai wuce shigar da sunaye cikin ordinatar (kwamfuta) ba: suna, shekaru, ƙauyen da aka baro, mutum nawa ne a gida. Ban taɓa riƙe ko ma'aunin zafin jiki ba. Amma da yake motar da ke kai ni sansani ita ce ke kai masu allurar rigakafi, kuma dukkanmu riga iri ɗaya muke sawa, mai aljihuna shida, sai mutane suka fara ce mini "Dokta". Ranar farko na gyara musu. Rana ta biyu na yi murmushi kawai. Daga rana ta uku kuwa, in aka ce "Dokta" ni ke fara waiwayowa kafin likitan gaskiya.

A nan Diffa na auri Falmata. Uwarta, Ya Fanna, tsohuwar mai sana'ar tattasai ce daga wani ƙauye a bakin ruwa. Da aka tashi ƙauyen nasu, da ƙafa ta fito, ta yi kwana biyu tana tafiya kafin ta ga gudron. Ta kafa bukkarta a Gagamari, ta ci gaba da tsince tattasai da sayar da shi kaɗan-kaɗan. Mun yi mun yi ta dawo gidanmu cikin gari, ta ce sam, ita ba ta kwana a gidan mijin ɗiyarta.

Tsakanina da ita kuwa kunya ce irin ta asali. Shekara huɗu da aure, ban jin mun yi magana mai tsawon minti biyar. In na je, daga waje nake durƙusawa in gaishe ta, ita kuma ta amsa da Barbarci daga bayan zana, "Kalewa, kalewa," shi ke nan. Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa ci a gabanta ba. Ban san ko tana ganina da daraja ba, ko kuwa tana ganina a matsayin wani baƙo mai yawan aljihu da ya ɗauke mata ɗiya. Don haka (yau dai zan faɗi gaskiya) na daɗe ina jiran wata rana da zan yi mata wani babban abu, irin wanda za ta zauna tana ba maƙwabta labari.

Ya Fanna ta shekara bakwai da ciwon sukari, tana shan ƙwaya safe da yamma. A bazarar shekarar nan sai jikinta ya canza. Ta rame, ƙishirwa ba ta barin ta, ga wata ƙaya da ta taka, wurin ya ƙi warkewa har sati biyar. Falmata ta kai ta asibiti cikin gari. Likita ta duba ta, aka auna jini, ta ce ƙwayar ta daina isa, lokaci ya yi da za a yi tunanin allurar insulin. Ba ta tilasta ba. Ta ce su je su yi shawara, su dawo bayan sati biyu da abin da tsohuwa ta yanke.

Tsohuwa kuwa ta koma Gagamari. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Maƙwabta su ne suka yi magana a madadinta: wai duk wanda ya fara wannan allura to ya fara sallama da duniya, wai wance ta fara, wata uku aka yi sadakarta. Falmata ta daina cin abinci sosai. Wata safiya ta miƙo mini karnen asibitin uwar, wato littafin da likita ke rubutu a ciki, ta ce, "Malam, ka yi mini fotokofinsa a biro, can wurin aikinku, kada ya ɓace." Na sa a ɗaya daga cikin aljihunan nan shida.

Da rana, bayan kowa ya fita cin abinci, rezon intanet ya yi ƙarfi kamar yadda yake yi in mutane sun ragu. Na ciro waya na rubuta tambayata da Faransanci. Na faɗa kan wani shafi da aka yi musamman don tsofaffi masu ciwon sukari da danginsu, waɗanda aka ce su yi tunanin insulin. Yana yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya jera maka amfanin allurar da wahalarta gwargwadon halin da kake ciki, da abubuwan da ya kamata ka tambayi likitanka. A can sama akwai wani akwati cike da ƙananan rubutu. Na tsallake shi, kamar yadda ku ma kuke tsallakewa, kada wani ya yi mini kallon banza.

An rubuta tambayoyin ne don mai ciwon ya amsa da bakinsa. To, ni ina zan iya zuwa in durƙusa a bayan zana in ce, "Ya, sau nawa kike zagayawa kafin gari ya waye?" Sai na amsa mata duka.

Tana tsoron allura? Na danna "ƙwarai". (Ni ne mai tsoron allura. Ranar da aka yi mana rigakafin sanƙarau a biro, sai da direba ya riƙe ni.) Idonta yana gani sosai? Na ce e, ai tana hango ni tun daga gudron ta ja mayafi. Me ya fi damun ta game da allurar? Na zaɓi zafi. Tana samun abinci sau uku a kan lokaci? Nan na ɗan tsaya. Na san ba haka ba ne. Amma sai na ji kunyar in gaya wa na'ura cewa surukata wani lokaci sau ɗaya take ɗora tukunya. Na danna e. Ku duba fa, mutum yana yi wa waya ƙarya don kada waya ta raina shi.

Sai aka zo gurbin adadin sukarin jini. Na buɗe karne, na ga likita ta rubuta 2,9. Na shigar da 2,9.

Fuskar wayar ta koma ja.

Rubutu ya fito da manyan baƙaƙe, yana cewa wannan adadi ya yi ƙasa ƙwarai, akwai haɗari, in mutumin yana cikin hayyacinsa a ba shi sukari nan take, a nemi asibiti, kuma kada a kuskura a yi masa insulin a wannan hali.

Zan so in ce muku tsoro ne ya fara kama ni. Ba shi ba ne. Murna ce. Wata irin murna ce ta taso mini daga ciki: likita ta yi kuskure, za ta kashe mini suruka da allura, kuma ni, ni kaɗai a duk faɗin jihar Diffa, na gano. Tsoron ya zo daga baya, kamar da minti guda. Abin da bai zo ba ko kaɗan shi ne hankali. Ban tsaya na tuna awon nan kwanansa goma da yi ba. Ban tambayi kaina yadda mutumin da sukarinsa ya faɗi haka zai yi kwana goma yana zaune yana tsince tattasai ba.

Na faɗa biron shef, shugabanmu, na ce ina da gaggawa ta iyali. Na kira Falmata ina gudu.

"Ki tafi asibiti ki jira mu. Zan ɗauko Ya. Sukarinta ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Likitar nan ta karanta a juye."

"Malam, ka tabbata?"

"Na tabbata? Intanet ce fa ta faɗa."

Lokacin an hana hawa moto, wato babur, a duk jihar, sai dai ka jira motar haya ta cika. Kafin ta cika na shiga kanti na sayi kwalin sukari mai ƙwaya da kwalbar lemo biyu. A bariyar fita gari soji suka sauke mu, kowa ya nuna katinsa, aka buɗe kaya. Wani sojan ya ɗaga kwalin ya ce, "Wannan fa?" Na gyara tsayuwa na ce, "Magani ne." Ya dubi kwalin, ya dubi rigata, ya mayar mini da shi da hannu biyu. Na ƙara jin kaina ya kumbura.

Na isa Gagamari bayan azahar. Ya Fanna tana zaune a rumfar zana da ke gaban bukkarta, ƙafarta ɗaure da tsumma, tare da wasu mata shida, sun baza jan tattasai a kan buhu suna tsincewa, ana hira ana atishawa. Ni da shekara huɗu ban taɓa wuce bakin zana ba, ranar nan na kutsa har tsakiyar rumfa, ko takalmi ban cire ba.

"Ya, kada ki motsa! Kada ki tashi tsaye!"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matan suka ce, "Dokta ya zo, wushe, wushe." Ban ko amsa ba. Na tsaya a kansu na yi jawabi. Na ce an kusa yin kisa a asibiti. Na ɗaga waya na zagaya da ita kowa ta ga jan nan, har da waɗanda ba su taɓa shiga lakwal sun koyi boko ba. Na ce a ba ni kofi. Aka miƙo wani babban kofin roba. Na jefa ƙwayar sukari goma a ciki, na ƙirga su da ƙarfi, sannan maimakon ruwa na juye lemo a kai, don aiki ya yi sauri. Na dama da tsinke har ya yi kauri.

"Ya, ki shanye duka. Yanzu."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon cikin kofin. Sannan ta ce, da Hausarta mai karin Barebari, "Madalla, ɗana. Allah ya yi albarka." Amma ba ta kai baki ba.

Wata dattijuwa da ke gefenta ta ce, "Dokta, ai ka san ba za ta sha a gabanka ba. Ɗan ba mu wuri."

Na ce haka ne, na manta. Na fita na tsaya a bakin hanya, na juya musu baya, ina duba agogo kamar mai jiran jirgi. Da na dawo kofin ya koma wayam. Matan sun yi tsit, kowacce ta duƙufa kan tattasanta, ba mai ɗaga kai. Na ɗauka girmamawa ce.

Na sa Ya Fanna a gaban mota, ni na matsu a baya tsakanin buhun gawayi da wani Bafulatani mai kaji. Duk hanya ina leƙen ta ta madubi, kuma wallahi sai na ga fuskarta ta fara haske. Na ce a raina, ka ga aikin ilimi.

Mun isa asibiti kafin la'asar. Baranda cike take da mutane, wasu a benci, wasu a tabarma. Falmata ta taso da gudu ta riƙe uwarta. Ni kuwa ban bi layi ba. Na ce gaggawa ce, na tura ƙofa na shiga da su, kuma na bar ƙofar a buɗe. (Da gangan na bar ta. Ina so a sami shaidu.)

Likitar wata ƴar gajeruwar mata ce daga yamma, mai gilashi, Hausarta da karin Zabarmanci. A bayanta akwai ɗalibai biyu masu koyon aikin jinya, da littattafansu a hannu. Na ajiye karnen a kan teburinta, na ajiye waya a kusa da shi, na tattaro duk manyan kalmomin Faransanci da na taɓa ji a taron biro na zuba mata. Na ce ina girmama aikinta, amma kowa yana kuskure. Na ce matar nan sukarinta a ƙasa yake, insulin zai kashe ta. Na ce Allah ya sa a dangin akwai wanda ya san harkar lafiya. Na ce ban zo da niyyar kai ƙara ba, a wannan karon.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauki wayar, ta gyara gilashi, ta duba. Sannan ta juyo mini da ita, ta yi magana da Hausa, don kowa ya ji.

"Malam, karanta mini abin da ke rubuce a gefen gurbin da ka sa lambar."

Na matso. Wasu ƙananan baƙaƙe ne, ban ma lura da su ba. Na karanta, "Milimol."

"To. Yanzu karanta abin da na rubuta a gefen tawa lambar, cikin karne."

"Giram."

"Ma'auni biyu ne daban. Mu nan da giram muke aunawa, masu wannan shafi da milimol. Kamar ka auna gero da buhu, ka je ka rubuta a gurbin tiya. Giram 2,9 ya kai milimol sha shida. Sukarin Mama ba faɗuwa ya yi ba. Ya kusa ninka na mai lafiya sau uku."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ta ɗaga littafinta ta rufe baki. A baranda na ji hira ta tsaya cak. Na buɗe baki in ce wani abu, Faransancin nan duk ya gudu, ko kalma ɗaya bai bar mini ba. 

Da a nan abin ya tsaya, da kunya ce kawai. Amma sai likitar ta sake duban wayar, ta ga inda aka ce a ba da sukari nan take, ta ɗago kai a hankali.

"Ba ka dai ba ta komai ba ko?"

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Ƙwaya goma."

"Ƙwayar me?"

"Sukari. A cikin lemo."

Falmata ta ce, "Innalillahi," ta dafe kai. Likitar ta miƙe tsaye, dariyar da ta fara taruwa a bakinta ta ɓace. Ta ce wa ɗalibar, "Kawo na'ura, maza." Aka kama yatsan Ya Fanna aka soka, aka ɗiga jini. Na'urar ta fara ƙirga daƙiƙu. Ban san daƙiƙa nawa ba ne, na dai san a cikinsu na ga kaina a gaban dangin Falmata, na ga makara, na ga yadda zan yi sauran rayuwata a matsayin mutumin da ya kashe uwar matarsa da lemo. Na jingina da bango. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Lamba ta fito. Likitar ta duba, ta ɗaure fuska, ta sake dubawa.

"Yana sama, amma bai wuce na rannan ba. Har ya ɗan sauka. Mama, yaushe kika sha abin nan?"

Ya Fanna ta gyara mayafinta.

"Ban sha ba."

"Ba ki sha ba?"

"Shekara bakwai ina tare da ciwon nan, ƴata. Na san abin da sukari yake yi mini. Amma yaro ya baro aikinsa, ya hau mota, ya dama da hannunsa. Ba a ce masa a'a a gaban mata. Da ya juya baya na miƙa wa maƙwabta, suka zagaya da shi." Sannan ta ƙara da cewa, "Sun ce a yi maka godiya. Sun ce maganin Dokta ya fi na asibiti daɗi."

Ɗaliban suka fara dariya. Likitar ta yi ƙoƙari ta riƙe, ta kasa, ta cire gilashi tana share ido. Masu jin Hausa a baranda suka ɗauka. Wani tsoho ya tambayi abin da ya faru, aka mayar masa da Barbarci, aka sake sabuwar dariya. Can ƙarshen baranda wasu Fulani suka ce su ma a gaya musu, wani ya fassara da Fillanci, aka yi ta uku. Ina tsaye ina jin labarina yana tafiya daga harshe zuwa harshe, kuma a kowane harshe ina jin kalmar "Dokta" tana fitowa yadda take.

Amma ku yarda da ni, a lokacin ban ji zafin dariyar ba. Na sulale na zauna a ƙasa, a kan simintin biron likita, da rigata mai aljihu shida, ina cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, hawaye suna zuba. Tana da rai. Ba ta sha ba. Da za a tara duk mutanen Diffa su yi mini dariya har magariba, da na zauna na taya su.

Na ɗauka likitar za ta kore ni da wayata. Ba ta yi ba. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta ce shafin ba shi da laifi, har ma abu ne mai amfani in an yi aiki da shi yadda aka tsara. Ta gyara ma'aunin, jan nan ya ɓace. Ta jawo kujera kusa da Ya Fanna, ta ce za su bi tambayoyin tare, Falmata tana fassara inda Hausa ta gaza. Matsalar ita ce amsoshina suna nan ba su goge ba, kuma likitar tana karanta kowacce da ƙarfi kafin ta yi tambaya.

"An ce kina tsoron allura ƙwarai."

Ya Fanna ta dubi ɗiyarta. "Wa ya ce? Na haifi tara a ɗaki. Allura kuma mece ce?"

Falmata ta juyo ta dube ni. Na dubi siminti.

"An ce idonki yana gani sosai."

"Mutum ina ganin sa. Ƙananan abubuwa ne ba na gani. Zare ma sai an sa mini a allura."

"An ce kina cin abinci sau uku a kan lokaci."

Nan ba wanda ya yi dariya. Ya Fanna ta ce in kasuwa ta yi kyau, ko an yi rabon abinci, ana ci. In an yi jinkiri, ana haƙuri. Likitar ta ce wannan ita ce amsar da ta fi kowacce muhimmanci, domin mai yin insulin in bai ci abinci ba, a nan ne sukari ke faɗuwa da gaske. Wato ƙaryar da na yi wa waya don kare mutuncina, ita ce ta fi haɗari a cikin duka.

Da aka zo kan abin da ya fi damun ta, tsohuwa ta gyara zama. Sannan ta ce ta ji an ce maganin nan sai a firiji, ita kuwa ko wuta ba ta da ita. Ta ce kuma akwai wani abu. "In aka sake cewa a tashi fa? Wancan karon da zane ɗaya na fito. In na saba wa jikina da allura, aka wayi gari muna cikin daji, ya zan yi?"

Wannan ne abin da ta yi kwana goma tana juyawa a ranta, ita kaɗai. Ba zafi ba, ba maganar maƙwabta ba. Kuma ba a cikin jerin amsoshin shafin yake ba, balle a cikin kaina.

Likitar ta bi su ɗaya-ɗaya. Ta ce ba sai firiji ba: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a zuba jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, a ajiye a inuwa. Ta ce za a fara da sau ɗaya a rana, kaɗan. Za ta liƙa filasta a jikin sirinji daidai inda ruwan zai tsaya, yadda ko ido bai gani ba yatsa zai ji. Ta bayyana mata abin da za ta yi ranar da ba a ɗora tukunya ba, da alamun faɗuwar sukari, rawar jiki da gumi da jiri. Game da gudu kuwa, ta ce ta ɗinka ƴar jaka ta rataya, karne da magani da ƙwayoyinta kullum a ciki, duk asibitin da ta isa za su gane inda aka tsaya. Ba ta ce mata ba za a sake gudu ba. Ba wanda zai iya faɗin haka a lokacin.

Ya Fanna ba ta yanke a ranar ba. Ta ce za ta kwana da maganar. Bayan kwana uku ta aiko wa Falmata cewa ta yarda. Kafin damina ta yi nisa ƙafar ta warke, ta fara mayar da jiki, kuma da hannunta take yi wa kanta allura, abin da ni har yau ba na iya tsayawa in kalla.

A ranar dai, da muka fito, sai da muka ratsa barandar nan daga farko har ƙarshe. Kaina yana ƙasa. Wani ya ce, "A sauka lafiya, Dokta," aka sake kwashewa. Da muka kai bakin ƙofa, Ya Fanna ta tsaya ta ce wa Falmata, da Hausa, ba da Barbarci ba, don ta san ina bayansu, "Mijin nan naki bai san magani ba. Amma da ya ji zan mutu, gudu ya yi. Ki riƙe shi." Ba irin yabon da na yi shekara huɗu ina mafarki ba ne, amma na karɓa da hannu biyu.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi. Waya tana amsa abin da ka ba ta ne, ba ta da hanyar sanin ko mai hankali ne yake dannawa. Kuma kafin ka tashi ceton mutum, yana da kyau ka fara tambayar sa abin da ke damun sa, ko da daga bayan zana ne. Har yanzu muna buɗe shafin nan kafin kowane randebu na asibiti, don mu shirya tambayoyin da za a yi wa likita. Sai dai an raba aiki. Falmata ce ke karantawa tun daga layin farko, Ya Fanna ce ke amsawa, Falmata ce kuma ke dannawa. Ni an bar mini cajin waya.